Maganin kitsen jini: mai babban suna ko jenerik?

Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da likita ya shaida wa cewa kitse, wato kolesterol, ya yi yawa cikin jininsa, yakan tarar da farashi biyu a farmasi: kwali mai sanannen suna, mai tsada, da kuma jenerik mai rahusa. Da yawa sukan ce araha ba ta ado. A nan kam zancen ba haka yake ba.

Kamfanin Pfizer na Amurka ya yi suna da maganin Lipitor, wanda ake kira Tahor a Faransa. Sunansa na asali atorvastatine. Aikinsa shi ne rage kitsen da hanta ke haɗawa, wanda ke toshe jijiyoyin jini har ya kai ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. An ba shi izini a Amurka a 1996, doka kuma ta keɓe wa kamfani ɗaya haƙƙin sarrafa shi. Wa'adin ya cika a 2011 a Amurka, a 2012 a Faransa. Wasu kamfanoni suka shiga yin sa, farashi ya faɗi.

Kafin hukuma ta amince da jenerik, sai an gwada an tabbatar da cewa sinadarin iri ɗaya ne, ƙarfinsa ɗaya, kuma yana shiga jini daidai da na asali. Launin ƙwaya, siffarta da kwalinta na iya bambanta.

Tun da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, ƴan Nijar suka san raɗaɗin tsadar magani. Wannan kuwa magani ne na kullum, shekara da shekaru. Mai sayen mai tsada wata ɗaya ya bari wata biyu, ya cuci kansa. Mai shan jenerik ba fashi ya fi shi kariya.

Haɗarin yana ga wurin saye. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin magunguna 10 a ƙasashe masu tasowa, kusan 1 jabu ne ko maras inganci. Ƙwayar da ta yini cikin rana kan teburin ƴan talla ba ta da mai lamuni.

Saboda haka mai saye ya nufi farmasi da takardar likita, ya duba sunan asali da adadin miligiram, 10, 20, 40 ko 80, ya ga sun dace da abin da aka rubuta masa. In ciwon tsoka ya taso, ya koma wurin likita kafin ya daina sha.