Gaskiya ko Jita-jita: Me Ya Sa Bugun Golf Ke Miƙewa a Atisaye, Ya Karkace Ranar Wasa?

A Anka da Gummi da Bukkuyum, yawanci a talabijin ake ganin golf, sa'ad da ake jiran a sako ƙwallon ƙafa a gidan kallo. Amma wasan ba baƙo ba ne a Arewa. Tun 1913 ake buga shi a Rayfield ta Jos, ga tsofaffin filaye a Kano da Kaduna da Zariya, kuma ɗan yammacin Zamfara da karatu ko aiki ya kai can yana iya wayar gari da sanda a hannu.

Kukan masu koyo ɗaya ne. A filin atisaye, doguwar sandar nan da ake kira direba tana aika ƙwallo ɗoɗar. Da an shiga filin wasa na gaske, sai ƙwallon ta nufi cikin ciyawa ko gindin bishiya. Kowa da dalilin da yake bayarwa. Bari mu auna biyar daga ciki.

1. "Wanda ya ƙware ba ya kauce wa hanya."

Jita-jita. A gasar PGA Tour ta Amurka, inda gwanayen duniya ke haɗuwa, wajen kashi 60 cikin 100 ne kawai na bugun farko ke sauka a kan shararriyar hanyar da ke kaiwa ga rami. Filin ramuka 18 yakan ƙunshi dogayen ramuka 14, wato gwani ma takwas ko tara yake samu. Calvin Peete, baƙar fatar Amurka wanda hannunsa na hagu ya karye yana yaro bai ƙara miƙewa sosai ba, shi ya riƙe kambin saiti shekara goma a jere, daga 1981 zuwa 1990. Ko a 1983, shekarar da ya fi kowace, kashi 84 da ɗoriya ya samu.

To, ina miƙewar da mai koyo ke gani a atisaye? Sau da yawa ido ne ke yaudararsa. Filin atisaye buɗaɗɗe ne, ba shi da iyaka dama ko hagu, duk inda ƙwallo ta faɗi sai a ce ta yi kyau. Hanyar filin wasa kuwa faɗinta bai cika wuce yadi 30 zuwa 40 ba. Ƙwallon da ta tashi da karkatar digiri 1 tak za ta kauce da mita uku da rabi bayan tafiyar mita 200. Digiri 5 ya haura mita 17, ta kai bakin hanya ko ma ta bar ta ke nan tun ba ta fara lanƙwasa a iska ba.

2. "Maganin abin shi ne yawan bugu: ƙwallo ɗari a jere kullum."

Rabin gaskiya. Babu gwanin da bai sha atisaye ba. Vijay Singh ɗan ƙasar Fiji, wanda ya ci gasar Nigerian Open a Legas a 1988 da 1989, ya yi suna wajen daɗewa a filin atisaye. Amma yawa daban, tsari daban.

A 1979 masu bincike biyu a Amurka, John Shea da Robyn Morgan, suka koya wa mutane salon motsin hannu iri uku. Rukuni ɗaya ya yi ta maimaita salo guda har ya gama kafin ya koma na gaba. Ɗaya rukunin aka cakuɗa masa, bai san wanda zai biyo baya ba. Lokacin koyo, masu maimaitawa ne a gaba. Da aka sake gwada su, har bayan kwana goma, sai masu cakuɗawa suka yi musu fintinƙau.

Duk wanda ya zauna a makarantar allo a Gummi ko Anka ya san wannan. Yaro na iya biya allonsa sau talatin ba gargada, amma ba a sanin ƙarfin haddarsa sai malam ya ja masa baƙi daga inda bai zata ba. Bugu na ashirin a jere yana cin gajiyar goma sha tara da suka gabace shi, domin jiki ya riga ya gyara kansa. A filin wasa kuwa bugun direba 14 ne cikin awa huɗu, tsakanin kowanne da na gaba ga tafiya, ga wasu sanduna, ga hira. Kowane bugu na fari ne, ba shi da wa, ba shi da ƙane.

3. "Tsoro ne kawai, rashin zuciya ne."

Rabin gaskiya. Fargaba tana nan, kuma da dalilinta. A atisaye kuskure kyauta ne, sai ka jawo wata ƙwallon. A wasa, in ta fita iyakar fili, ko aka neme ta minti uku ba a gani ba kamar yadda dokar 2019 ta tanada, za ka koma inda ka buga da tarar bugu ɗaya, na gaba ya zama na uku. Binciken Sian Beilock da Thomas Carr na 2001 ya nuna cewa matsi kan sa ɗan wasa ya koma sa wa jikinsa ido, yana bin motsin da ya riga ya iya gaɓa-gaɓa, sai motsin ya sarƙe. Gabriele Wulf da abokan aikinta ma, a 1999, sun ga masu koyon da suka maida hankali kan lilon sanda sun fi waɗanda suka maida shi kan hannuwansu saiti.

Sai dai ba duka laifin zuciya ba ne. Tabarmar atisaye mai kusurwa huɗu ce, ita ke saita wa mutum ƙafafu bai sani ba. Wurin bugun farko a filin wasa kuwa yana iya fuskantar bishiya, ba hanya ba. Ƙwallayen atisaye sun sha duka, tashinsu ba irin na sabuwa ba ne. Iskar ma a atisaye daga gefe ɗaya take zuwa, amma a wasa kowane rami da inda ya dosa.

4. "In bugu ya lalace a tsakiyar wasa, a gyara salo nan take."

Jita-jita. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai sauya riƙo a rami na huɗu, ya sauya tsayuwa a na shida, ya jefa kansa cikin sa idon da aka ambata a sama. In yau ƙwallonka dama take lanƙwasa, ka saita hagu kaɗan, ka lallaɓa ka gama. Gyara na filin atisaye ne.

5. "Kowane dogon rami sai da direba."

Jita-jita. A 2006 Tiger Woods ya ci gasar Open a Hoylake ta Ingila, sau ɗaya rak ya zaro direba cikin ramuka 72. Zafi ya ƙone filin, ƙasa ta yi tauri, ƙwallo na gudu bayan ta sauka, sai ya zaɓi gajerun sanduna ya kauce wa ramukan yashi. Mai wasa a Kano lokacin hunturu ya san irin wannan ƙasa: ƙwallon da ta sauka a gefen hanya ba nan za ta tsaya ba.

Kada kuma a wuce gona da iri. Lissafin Mark Broadie na Jami'ar Columbia ya nuna nisa na da riba babba, kuma ƙwallon da ta yi nisa ta kwanta a gajeriyar ciyawa ba asara ba ce. Abin gudu shi ne ruwa da iyakar fili da duhuwar da ke cinye ƙwallo. Inda babu su, a saki hannu.

Abin yi

Ka sa atisayenka ya yi kama da wasa. Zaɓi alamomi biyu masu tazarar yadi 30, su ne hanyarka. Tsaya bayan ƙwallo ka zaɓi inda za ta, ka yi shirin da za ka yi a fili, ka buga guda ɗaya. Ajiye direba, ka buga da wata sanda, ka ɗan huta, sannan ka dawo. Ka yi haka sau 14, kana rubuta nawa suka shiga, nawa suka yi dama, nawa hagu. In da aboki, ku yi gasa, domin idon mutum ɗaya ma ya isa ya kawo ɗan matsi.

Sakamakon farko ba zai yi daɗi ba, zai gaza abin da ka saba gani. Amma shi ne ainihin matsayinka. Bayan 'yan makonni takardar za ta nuna maka ɓangaren da ka fi kaucewa, daga nan ka san inda za ka saita da kuma ramukan da ya kamata direba ta zauna a jaka.