Akawu ma ya kamata ya iya karanta fayil ɗin EDI

Kafin jirgin dakon kwantena ya iso Apapa ko wata babbar tasha, bayanin inda kowace kwantena take a cikinsa kan riga shi zuwa, cikin wani saƙo da ake kira BAPLIE. Haka ma manyan kantunan Turai da Amurka suke odar kaya: kwamfutar mai saye ta tura wa ta mai sayarwa fayil, babu wanda ya ɗauki biro. Tsarin shi ne EDI, kuma ƙa'idoji biyu ne suka mamaye shi, wato X12 da aka kafa kwamitinsa a Amurka a 1979, da EDIFACT na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda dokar rubutunsa ta zama ISO 9735 a 1987. A ganina kuskure ne a bar wa ma'aikatan kwamfuta kaɗai karatun waɗannan fayiloli. Akawu da mai kula da sito su ne dukiya ke wucewa ta hannunsu, su ya fi kamata su iya.

Kallon farko abin kamar shirme, amma yana da tsari mai sauƙi. A EDIFACT kowane layi yana farawa da haruffa uku masu faɗin abin da ya ƙunsa, alamar + ta raba sassansa, ɗigo biyu su raba abin da ke cikin sashe guda. Ɗauki DTM+137:20240315:102'. DTM kwanan wata ne, 137 na nufin ranar da aka rubuta takardar, 102 kuma na cewa a karanta shekara, sai wata, sai rana: 15 ga Maris, 2024. A waɗannan ƙananan lambobi gizo ke saƙar. QTY+21:48' na cewa an yi odar guda 48. Idan 12 ce a gurbin 21, to 48 ɗin aka loda aka tura. Idan 47 ce, 48 ake neman kuɗinsu. Adadin bai canza ba, amma magana uku ce daban, kuma rigimar biyan kuɗi kan faɗo tsakanin waɗannan ukun.

Wani zai ce ai akwai manhajar da ke juya fayil ɗin ya fito tsaf a allo, wahalar ta mece ce? Gaskiya ne, kuma babu mai cewa a zauna ana karanta dubban saƙonni kullum. Sai dai manhaja abin da mutum ya saita mata take bi. A X12, EA na nufin ɗaiɗai, CA kuma katan. Idan mai saitin ya haɗa su ba daidai ba, allo zai nuna kuskuren cikin kyakkyawan tsari, ba kuwa mai zarginsa sai mota ta sauke kaya. Akwai ma tarkon da ya fi wannan. Saƙon X12 mai lamba 997 shaida ce kawai cewa fayil ya isa kuma an duba tsarin rubutunsa, amincewa da odar kuwa 855 ke kawo ta. Wanda bai san bambancin ba zai zauna jiran kayan da ba wanda ya yi masa alkawarinsu. Ranar da gardama ta tashi, abin da aka aika a ainihin fayil shi ne hujja.

Masu cewa tsarin ya tsufa, sababbin tsare-tsaren rubuta fayil irin su XML da JSON za su binne shi, sun yi gaggawa. A ƙarƙashin dokar HIPAA ta 1996, asibitocin Amurka da X12 suke tura wa kamfanonin inshora takardun neman biya ta kwamfuta. Sababbin tsare-tsaren ma sun gaji lambobin: 380 da ke nufin takardar neman biyan kuɗin kaya a EDIFACT ita ce dai a tsarin Peppol na Turai. Saboda haka duk kamfanin da zai shiga irin wannan hulɗa ya nemi littafin jagorar saƙonni daga abokin cinikinsa tun ranar farko, ya ajiye ainihin fayilolin yadda suka zo, ya kuma zaunar da akawunsa ya koyi karanta su.