Nauyi Ko Aikin Hannu? Yadda Ake Sa Wa Kayan Adon 'Yan Tsana Farashi

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau zancenmu a kan wata sana'a yake, wadda hajar wata guda ba ta cika tafin hannu ba, wato ƙera wa 'yan tsana sarƙa da 'yan kunne da awarwaro. Ba 'yar tsanar kara da 'yan mata kan yi wa biki a tsakar gida nake nufi ba. Ina nufin 'yan tsanar gayu irin su Barbie, waɗanda manyan mutane, maza da mata, suke tarawa a Amurka da Turai da Japan, suna yi musu ɗinki, suna jera su a kabad ɗin gilashi, suna ɗaukar su hoto. Masu yi musu kayan ado da hannu, galibinsu mata ne da ke aiki a ɗakunansu, kuma tambaya guda ce take hana su barci: nawa zan sa wa wannan abu?

Bari mu ɗan koma baya. Ranar 9 ga Maris na shekarar 1959 kamfanin Mattel ya fito da Barbie a wajen baje kolin kayan wasa na birnin New York. Wata mata mai suna Ruth Handler ce ta ƙirƙiro ta, ta kuma sa mata sunan 'yarta Barbara. Dala 3 aka sayar da ita a lokacin, tana sanye da rigar ninƙaya, ga 'yan kunne a kunnuwanta. Ke nan tun ranar farko da adonta ta zo. Daga baya wasu suka biyo sahu. Akwai Blythe mai ƙaton kai, wadda ta fito a 1972, ba ta yi kasuwa ba, sai da kamfanin Takara na Japan ya farfaɗo da ita a 2001. Akwai Super Dollfie ta kamfanin Volks da ta fito a 1999. Akwai kuma Fashion Royalty, wadda Jason Wu ya tsara, mutumin da daga baya ya ɗinka wa Michelle Obama rigar bikin rantsar da mijinta a 2009. Yaran da suka yi wasa da 'yan tsana jiya su ne manya masu albashi yau, su ne kuma masu sayen wannan ado.

To, ina matsalar farashin take? Tana cikin awo. Tsawon Barbie inci 11 da rabi ne, kimanin santimita 29, wato kashi ɗaya cikin shida na tsawon mutum. Sarƙar mace mai santimita 45, idan aka mayar da ita awon Barbie, santimita 7 da rabi za ta zama. Amma ba tsawo kaɗai ke raguwa ba. Faɗi ya ragu sau shida, kauri ma sau shida. Shida sau shida sau shida, 216 ke nan. Sarƙar da ta kai giram 20 a wuyan amarya, a wuyan 'yar tsana ko kashi ɗaya cikin goma na giram ba za ta cika ba. Kayan haɗi sun kusa zama kyauta.

Aikin fa? Ko kaɗan bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi.

Ku ƙaddara kuna zaune gaban teburin mai wannan sana'a. Ga fitila a kusa da fuskarta, ga madubin ƙara girma, ga matsefata da ƙaramar filaya. Tsakiyar da take amfani da ita, irin ta kamfanonin Miyuki da Toho na Japan ko ta ƙasar Czech, wata ba ta wuce milimita ɗaya da rabi ba. Ta faɗi ƙasa, ta tafi ke nan. Allurar da za ta ratsa hudarta sirirtaka gare ta har tana lanƙwashewa a hannu. Babban abin wahala shi ne maɓallin sarƙa. Mafi ƙanƙantar maɓallin da ake sayarwa don mutane, in aka ɗora shi a wuyan 'yar tsana sai ya yi ƙato, ya ɓata tsarin. Dole ta yanki waya ta lanƙwasa ƙugiya da kanta, ta goge bakin don kada ya yagi rigar siliki ko ya maƙale a gashi. Sannan 'yan kunne biyu su fito daidai da juna, domin mai saye da kyamara zai kusanto su, kuma kyamara ba ta rufa wa kuskure asiri. Ga ciwon wuya, ga ciwon ido, waɗanda ba sa fitowa a hoton talla.

Shi kuwa mai saye da ido yake awo. Ya ga abu ɗan mitsitsi, ya tuna cewa 'yar tsanar wasan yara da kanta dala goma da 'yan kai ce a kanti, sai ya ce ina dalilin da sarƙa za ta fi mai sarƙar tsada? Tambayarsa ba ta rashin hankali ba ce, amma ya haɗa abubuwan da ba su haɗu ba. 'Yar tsanar kanti inji ne ya zubo ta dubu-dubu. Sarƙar kuwa mutum ɗaya ne ya zauna ya yi ta. Mu nan mun san wannan bambanci sarai. Babu mai ɗora hular zanna a sikeli ya ce zaren da ke jikinta zai biya. Kwanakin da mai ɗinki ya yi yana soka allura ake saye.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na musamman, muna magana ne a kan farashin kayan adon 'yan tsana. Yanzu sai mu shiga lissafi, domin a nan ne masu sana'ar da dama suke zamewa.

Akwai wata ƙa'ida da ta yaɗu tsakanin masu aikin hannu, wai ka ninka kuɗin kayan haɗi sau uku, abin da ya fito shi ne farashinka. Ga mai sarƙar mutane, wadda duwatsunta da azurfarta suke da tsada, ƙa'idar takan yi aiki. Ga mai sarƙar 'yar tsana kuwa, hanyar karyewa ce. Mu ɗauki misali, kuma misali ne kawai. A ce sarƙa da 'yan kunne sun ci kayan dala 2, sun kuma ci awa biyu. In ta bi wannan ƙa'ida, dala 6 za ta ce. A ce ta yi ƙarfin hali ta sa dala 8.

Da yawan masu wannan sana'a a kasuwar intanet ta Etsy suke baje haja. Etsy na karɓar santi 20 a kan kowane kaya da aka jera. Idan an saya, tana cire kashi 6 da rabi cikin ɗari; da kashi 5 ne, a watan Afrilu na 2022 aka ƙara, har dubban masu shaguna suka yi yajin mako guda. Ga mai sayarwa a Amurka akwai kuma kuɗin karɓar biya, kashi 3 cikin ɗari da santi 25. A kan dala 8, waɗannan sun haura dala guda. Cire dala 2 na kayan haɗi, cire wasu dala 2 na ɗan akwati da ambulan da tsakiyar da ta zube. Abin da ya rage bai kai dala 3 ba, ladan awa biyu ke nan. Alhali mafi ƙarancin albashi a dokar tarayyar Amurka, tun 2009, dala 7 da santi 25 ne a awa ɗaya. Ke nan gwanar da ta shekara tana koyon sarrafa waya ta sa wa kanta ladan da doka ta hana a ba sabon ɗan aiki. Ba mu ma lissafa lokacin ɗaukar hoto da amsa saƙonnin masu tambaya da zuwa gidan waya ba.

Lissafin da ya dace daga agogo yake farawa. Ta fara yanke wa kanta ladan awa, mu ce dala 12. Awa biyu, dala 24. Ta ɗora dala 4 na kayan haɗi da ƙunshi, 28 ke nan, kuma wannan uwar kuɗi ce, riba ba ta shigo ba tukuna. In ta sayar dala 35, kasuwa ta cire kusan dala 4, ribarta dala 3 ce. Wannan riba da ita za ta sayi sabuwar filaya, da ita za ta gwada sabon tsari wanda wataƙila ba zai karɓu ba. Idan kuma mai shago ya zo neman sari, a al'adar wannan kasuwa rabin farashi yake so ya biya. Wadda ba ta bar wa sari gurbi a lissafinta ba, ranar da babban ciniki ya zo ranar za ta yi babbar asara.

Na san wani zai ce, to in babu mai sayen na dala 35 fa? Gaskiya ne, lissafi ba ya tilasta wa kowa ya buɗe aljihu. Amma maganin ba shi ne ta karya ladan hannunta ba. Sai dai ta rage awannin: ta lanƙwasa ƙugiya ashirin a zama guda maimakon ɗaya-ɗaya, ta fito da tsari mai sauƙi na minti goma sha biyar don masu ƙaramin ƙarfi, ta ware mai wahalar ga masu iya biya. Tsarin da ya ƙi biyan lokacinsa kuma ta ajiye shi, ko ta riƙa yi don jin daɗin ranta, amma kada ta kira shi haja.

Sannan ta san wa take wa talla. Kasuwa biyu ce a nan, ba ɗaya ba. Uwar da ke neman abin da 'yarta za ta yi wasa da shi ta ɓatar kafin mako ya zagayo, ba za ta biya kuɗin aikin hannu ba, bai ma kamata a kai mata shi ba. Ƙananan abubuwa haɗari ne ga yara, suna iya haɗiyewa. A 2007 Mattel da kansa ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa saboda fenti mai gubar dalma da ƙananan maganaɗisu, kuma a 2008 Amurka ta kafa doka mai tsauri kan kayan yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa. Gwajin da dokar ke nema ya fi ƙarfin mai aiki a ɗaki. Shi ya sa za ka ga sun rubuta a kan kayansu cewa na manya masu tarawa ne, ba abin wasa ba ne. Su kuwa manyan, wanda ya sayi 'yar tsana a kan dala ɗari da hamsin ko fiye, ba ya son ya rataya mata roba.

Akwai ma abin da ya fi tsoro a kan tsada. Masu tara tsofaffin Barbie na farkon shekarun 1960 sun san wata cuta da ke kama su: ƙarfen 'yan kunnen da aka bari a jiki shekara da shekaru yana yin tsatsa, ya rina kunnen kore, wani lokaci koren ya malalo har kumatu. 'Yar tsanar da ta kamu darajarta ta faɗi, kuma gyaran da wuya. Don haka mai sana'ar da ta zaɓi azurfa ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ta kuma gargaɗi mai saye ya riƙa cire adon in zai ajiye, ba tsakiya kaɗai take sayarwa ba, har da kwanciyar hankali. Wannan ilimi ne, kuma yana da kuɗinsa. Bahaushe ya riga ya ce araha ba ta ado.

Can ƙololuwar kasuwar kuwa, a watan Oktoba na 2010, gidan gwanjo na Christie's da ke New York ya sayar da wata Barbie a kan dala 302,500. Abin da ya ɗaga ta shi ne abin wuyan da maƙerin ado ɗan Ostareliya, Stefano Canturi, ya yi mata, mai ɗauke da daimon ruwan hoda, aka kuma ba da kuɗin ga binciken sankarar mama. Wannan ba ma'auni ba ne ga mai aiki da tsakiya. Na kawo shi ne don a ga cewa ko a can sama, suna da ƙarancin abu su ne suke jan farashi. A ƙasa ma haka ne: sarƙar da aka yi guda ɗaya tak, aka yi alkawarin ba za a maimaita ba, ta cancanci kuɗin da ya fi na wadda ake yi kullum.

Ko zancen ya shafe mu? Ya shafe mu. A 2007 Taofick Okoya ya fara 'yan tsanar Queens of Africa a Legas, cikinsu har da Azeezah mai wakiltar Hausawa. A ƙarshen 2015 kuma Haneefah Adam 'yar Ilori ta fara ɗinka wa Barbie hijabi da dogayen riguna tana sawa a Instagram da sunan Hijarbie, labarinta ya zaga duniya. 'Yan tsanar da ke sanye da atamfa da leshi da gyale suna buƙatar murjani da awarwaro irin namu, kuma hannun da ya saba shirya jigida ko maƙerin farin da ya saba ja da azurfa ba baƙi ba ne a wannan aiki.

Sai dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, a can da nan duka, shi ne kunyar faɗin farashi. Mace ta yi aiki mai kyau, a tambaye ta nawa, ta sunkuyar da kai ta ce a ba da abin da ya sauwaƙa. Wata kuma tana da albashi a wani wuri, sana'ar ta sha'awa ce, sai ta sayar a kan kuɗin tsakiya kawai. Niyyarta mai kyau ce, amma ta koya wa masu saye cewa aikin awa biyu dala biyar ne, kuma wadda za ta ji jiki ita ce 'yar'uwarta da ke biyan kuɗin haya da wannan allura.

Saboda haka, 'yar'uwa mai sana'ar hannu, ko sarƙar 'yar tsana kike yi ko ta amarya, gobe in za ki zauna aiki ki duba agogo, ki rubuta lokacin farawa da na gamawa, ki yi haka a kan kaya uku ko huɗu kafin ki sake faɗa wa kowa farashi. In tayi bai kai ba, ki ce albarka, ba laifi ba ne. Kai kuma mai saye, kafin ka taya, ka tambaye ta awa nawa ta yi a kai.