Idan mai sayar da waraka ya ari bakin kimiyya, wa zai tambaye shi hujja?

A watan Oktoban 2023 wata kotun tarayya a Miami ta yanke wa Mark Grenon da 'ya'yansa uku hukuncin ɗauri. Biyu daga cikin 'ya'yan sun samu watanni 151 kowannensu, uban da ɗaya ɗan kuma shekara biyar-biyar. Laifinsu ya samo asali ne daga wani ruwa mai suna Miracle Mineral Solution da suka riƙa sayarwa da sunan cocin Genesis II a jihar Florida, suna cewa yana warkar da ciwon daji da ƙanjamau da zazzaɓin cizon sauro da korona.

Ruwan kuwa sinadari ne da idan aka haɗa shi da tsami yakan koma irin wanda masana'antu ke faranta takarda da tufafi da shi. Tun 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a a kansa, ta sake yin hakan a 2019 bayan rahotannin amai da gudawa da faɗuwar jini da lalacewar hanta. Duk da haka iyalin sun tara fiye da dala miliyan 1, suna kiran kuɗin gudummawa alhali sai an biya ake aika kaya.

Dabararsu tana da fuska biyu. A gaban mai saye sukan yi bayanin yadda sinadarin ke kashe ƙwayoyin cuta, kamar masana. Da hukuma ta tunkaro su sai su ce ibada ce, 'yancin addini ya kare su. Masu gabatar da ƙara sun nuna cewa an kafa cocin ne domin kauce wa dokar magunguna.

Nan matsalar ɗabi'a take. Wanda ya je neman addu'a ya san abin da ya je nema, ya kuma san babu wanda ya lamunce masa sakamako. Amma da zarar an ce masa "bincike ya tabbatar", an shiga fagen da ake aunawa: mutum nawa aka gwada, wa ya duba, me ya faru da waɗanda ba su sha ba? Mai sayarwar ya ci moriyar amanar da mutane suka ba likitoci, bai ɗauki nauyin da ke tare da ita ba. Mara lafiya kuma yana iya ajiye maganin asibiti har lokacin ceto ya wuce.

Najeriya ta san irin wannan. A 2004 hukumar NBC ta hana nuna mu'ujizar da ba a tantance ba a kafafen yaɗa labarai, a 2024 kuma NAFDAC ta gargaɗi jama'a kan "ruwan mu'ujiza" da sabulun wata majami'a a jihar Delta. Lambar NAFDAC da masu maganin gargajiya ke nunawa ma ba shaidar waraka ba ce, shi ya sa ake wajabta musu rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarinsu ba.

Ba aikin hukuma ba ne auna imanin kowa. Amma wanda ya sa farashi, ya ambaci sunan cuta, ya jingina da kimiyya, ya zama ɗan kasuwa mai iƙirari, kuma a wuyansa kawo hujja take.