Ɗan Daudu da Ɗan Luwaɗi: Ma'anarsu Ɗaya Ce?

Masu koyon Hausa a Tamale sukan ɗauka kalmomin nan biyu ɗaya ne. Ba haka ba ne. Ɗan daudu shi ne namiji mai kwaikwayon mata wajen magana da tafiya, galibi mai sana'ar abinci. A kudancin Ghana "Kojo Besia" ake ce masa. Luwaɗi kuwa shi ne saduwar namiji da namiji, na mata kuma maɗigo. 'Yan daudu da yawa suna da mata da 'ya'ya, kamar yadda littafin Rudolf Gaudio na 2009 ya nuna game da Kano. Musanya kalmomin a zango kan jawo wa mutum zargi mai nauyi, domin dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 a kan luwaɗi, ba a kan salon magana ba.