Yadda 'ya'yan Yahudawan Amurka ke rayuwa a sansanonin hutun bazara

A ƙarshen watan Yunin kowace shekara, da zarar makarantun Amurka sun tafi dogon hutu, dubun-dubatar iyaye Yahudawa kan haɗa wa 'ya'yansu kaya, su sa su a motocin bas zuwa wasu sansanoni da aka gina cikin dazuzzuka, galibi a gaɓar tafki, nesa da hayaniyar birni. A can yaran za su zauna tsawon mako biyu zuwa takwas ba tare da iyayensu ba, kuma a mafi yawan wuraren ba a barin yaro ya riƙe wayar salula.

Wanda ya leƙa irin wannan wuri zai ga ninkaya da ƙwallo da waƙe-waƙe, ya ɗauka wasa ne kawai. Sai dai shugabannin al'ummar suna kallon sansanin a matsayin makaranta, domin a nan ne yaron da ya tashi cikin jama'ar da ba ta bin addininsa yake samun makonnin da zai farka ya kwanta cikin addinin da harshen da al'adun kakanninsa.

Daga neman iska zuwa neman tarbiyya

Tsakanin shekarar 1880 da 1924, Yahudawa sama da miliyan biyu sun yi ƙaura daga Gabashin Turai zuwa Amurka, suna gudun talauci da tsangwama. Da yawansu sun cunkushe a unguwar Lower East Side ta birnin New York, cikin ɗakunan haya marasa iska inda tarin fuka ya yi katutu. Sansanonin farko, irin su Surprise Lake da aka buɗe a 1902 a Jihar New York, an kafa su ne domin a fitar da 'ya'yan talakawa su sha iska, su ci su ƙoshi, su kuma koyi zama irin na Amurkawa. Wani dalilin kuma shi ne, a wancan zamani akwai sansanonin yara da ba sa karɓar ɗan Bayahude.

Daga baya damuwar ta juya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda a cikinsa gwamnatin Nazi ta Jamus ta hallaka Yahudawa miliyan shida, tushen ilimin addinin a Turai ya rushe. A Amurka kuwa jikokin baƙin hauren sun samu arziki, sun watsu cikin unguwannin bayan gari, Turanci ya zama harshensu na gida. Tsoron da ake yi a da shi ne kada yaro ya kasa zama Ba'amurke, sai ya koma kada ya manta shi Bayahude ne. A 1941 aka kafa sansanin Massad, inda aka wajabta magana da Ibrananci. A 1947 ɓangaren masu matsakaicin ra'ayi da ake kira Conservative ya buɗe sansanin Ramah na farko a Conover ta Jihar Wisconsin, sannan a 1952 ɓangaren masu sassauci na Reform ya buɗe nasa a Oconomowoc, a wannan jiha.

Tsoron bai gushe ba har yau. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya ƙiyasta Yahudawan Amurka sun kai miliyan 7.5, ya kuma nuna cewa kashi 61 cikin 100 na waɗanda suka yi aure daga 2010 zuwa lokacin binciken sun auri wanda ba Bayahude ba. Wannan ne ya sa masu hannu da shuni a cikinsu ke zuba kuɗi a sansanonin.

Daga wayewar gari zuwa kwanciya

Tsarin yini ya bambanta daga sansani zuwa sansani, amma ginshiƙansa kusan ɗaya ne. Yara kan kwana a ɗakunan katako, goma zuwa goma sha biyar a ɗaki, bisa gadaje masu hawa biyu, maza daban mata daban, kuma an kasa su bisa shekaru. Da misalin ƙarfe bakwai na safe ake tashe su. A wurare da yawa akan taru a fili a ɗaga tutar Amurka da ta Isra'ila, a sanar da ayyukan ranar. Wanda ya taɓa zama a sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Najeriya zai gane wannan faretin safiya, sai dai a nan babu soja babu horo.

Daga nan sai addu'ar safe, wadda sau da yawa ake yi a waje, kan bencina a ƙarƙashin itatuwa, ana fuskantar gabas, wato ɓangaren Birnin Ƙudus. A sansanonin masu riƙo da ibada, wanda ya kai shekarun balaga yakan yafa mayafin addu'a, ya ɗaura wasu ƙananan akwatunan fata masu ɗauke da ayoyi a goshi da dantse. Ranakun Litinin da Alhamis da Asabar akan fito da naɗaɗɗen littafin Attaura a karanta. Abin lura shi ne yaran ake sa wa su ja addu'ar da kansu, ta yadda ɗan shekara 12 da bai taɓa buɗe baki a majami'ar garinsu ba zai iya komawa gida ya iya jan jama'a.

Bayan karin kumallo kowa zai koma ɗaki a yi shara da gyaran gado bisa jadawalin da aka liƙa a bango. Sauran yinin an yanka shi zuwa zango-zango na kimanin awa guda: ninkaya, tuƙin kwalekwale, ƙwallon kwando, zane da ginin tukwane, wasan kwaikwayo, rawa, da darasin addini ko na harshe wanda malami ke bayarwa a inuwar itace. Ba a barin yaro ya shiga ruwa mai zurfi sai ya ci jarrabawar ninkaya, kuma dole kowa ya shiga da abokin da zai riƙa lura da shi. Bayan abincin rana akwai awa guda ta hutu, lokacin da yara ke rubuta wa iyayensu wasiƙa da alƙalami da takarda. Da dare akan yi wasan haɗin gwiwa ko a kewaye wuta ana waƙa, kafin a kashe fitila da addu'ar barci.

Ɗakin cin abinci ma aji ne

Mafi yawan sansanonin suna bin dokokin abinci na addinin, waɗanda ake kira kosha. Musulmi zai ga kama da halal a wasu wurare: an haramta alade da jini, kuma dole ƙwararre ya yanka dabba bisa ƙa'ida. Amma akwai bambanci. Bayahude mai kiyaye dokar ba ya cin raƙumi ko zomo, ba ya cin kifin da ba shi da ɓawo a jiki irin su tarwaɗa, kuma ba ya haɗa nama da madara a ci ɗaya. Saboda haka ɗakin girkin sansani yakan tanadi tukwane da kwanuka da cokula kashi biyu, na nama daban na madara daban. Yaron da iyayensa ba sa bin wannan doka a gida, a nan yake fara sanin dalilin da ya sa ba za a ba shi cuku ba a lokacin cin abincin da aka dafa da kaza.

Kafin a gutsuri burodi akwai gajeriyar addu'a, bayan an gama kuma akwai doguwa ta godiya, wadda ɗaruruwan yara ke rerawa tare suna buga tebur. Maimaita ta sau uku a rana na tsawon makonni kan sa ta zauna daram a kai ba tare da an ce wa kowa ya haddace ba. Shahararriyar mawaƙiyar nan Debbie Friedman, wadda waƙoƙinta na addu'a suka shiga majami'un Amurka da dama, a irin wannan sansani na Oconomowoc ta yi tashe tana jan waƙa da jita a farkon shekarun 1970.

Haka abin yake ta fuskar harshe. Turanci ake magana da shi, amma sunayen wurare da ayyuka da Ibrananci ake kiransu: ɗakin abinci, tafki, ɗakin shan magani, lokacin hutu, har da sanarwar da ake yi a lasifika. Yaro ba zai fita yana jin Ibrananci sosai ba, amma zai fita da tarin kalmomin da yake alaƙanta su da abokai da nishaɗi.

Ranar Asabar

Duk makon yana gangarawa ne zuwa yammacin Juma'a. Tun da rana ake dakatar da wasanni, a share ɗakuna, kowa ya yi wanka, a wurare da yawa kuma a sa fararen kaya. Kafin faɗuwar rana akan kunna kyandirori, jama'ar sansani su jeru zuwa bakin tafki domin addu'ar tarbar ranar hutu, wato Shabat. Abincin daren ya fi na kullum: kaza, miya, da wani burodi mai kitso da ake kira halla, bayan an sa albarka a kan ruwan inabi.

Daga nan har zuwa fitowar taurari uku a daren Asabar, kimanin awa 25, sansanonin masu riƙo da ibada ba sa kunna wuta ko lantarki, ba a rubutu, ba a tuƙa mota, kuma abincin ranar tun Juma'a ake dafa shi. Akan rufe da wani ɗan biki inda yara ke tsayawa a da'ira cikin duhu, a kunna kyandir mai kitso, a zagaya da kayan ƙamshi kowa ya shaƙa, sannan a kashe kyandir ɗin a cikin ruwan inabi. Ga yaron da a garinsu Asabar ranar cefane ce da gasar ƙwallo, wannan ne karon farko da zai ga kowa da ke kewaye da shi ya ajiye aiki a lokaci guda.

Ranar gasa da ranar makoki

Abubuwa biyu ne suka fi fice a kowane zango. Na farko shi ne gasar Makabiya, wadda ta samo suna daga Makabiyawan da suka yi wa sarakunan Girkawa tawaye a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Akan raba sansani gida-gida bisa launi, a kwashe kwanaki ana fafatawa a tsere da jan igiya da waƙa, kuma ana ɓoye ranar farawa har sai ta zo ba zato.

Na biyu shi ne ranar tara ga watan Ab na kalandar Yahudawa, wadda ke faɗowa a Yuli ko Agusta. Rana ce ta azumi da juyayin rushe babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus, wanda Babiloniyawa suka rusa a shekara ta 586 kafin Miladiyya, Rumawa kuma suka rusa na biyun a shekara ta 70 Miladiyya. Yara kan zauna a ƙasa da dare, da ɗan hasken tocila, ana karanta Littafin Makoki. Azumin bai hau kan ƙanana ba. Da yake ranar tana zuwa ne lokacin da makarantun addini ke rufe, da yawa daga Yahudawan Amurka a sansani kaɗai suka taɓa raya ta.

Masu kula da yara

Ƙashin bayan tsarin su ne matasa 'yan shekara 18 zuwa 22, galibi ɗaliban jami'a da suka taso a sansanin, waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya da yaran. Su ke lallashin mai kukan kewar gida, su raba faɗa, su tabbatar kowa ya sha maganinsa. Hikimar ita ce yaro ya fi kwaikwayon yayan da yake burge shi a kan malamin da ke tsaye gaban allo. Akan kuma kawo matasa daga Isra'ila kowace shekara ta hannun Hukumar Yahudawa, da yawansu ba su daɗe da gama aikin soja ba, su koyar da harshe da waƙa.

Ba duka sansanonin ne na ibada ba. Na ƙungiyar matasa ta Habonim Dror sun ginu kan tsarin gurguzu irin na ƙauyukan haɗin gwiwa na Isra'ila, inda yara ke aikin hannu kullum, suna tara ɗan abin da suka zo da shi a asusu ɗaya. A sansanonin masu tsananin riƙo da addini kuwa, na maza daban ne da na mata, kuma karatun littattafan addini na cin awoyi a kowace rana. Tsarin ya ƙetare Amurka: a garin Szarvas na ƙasar Hungary an buɗe sansani a 1990, bayan faɗuwar kwaminisanci, domin yaran Gabashin Turai da wasunsu ba su ma san asalinsu ba sai da suka girma.

Kuɗi, tsaro da batun Falasɗinu

Babban ƙorafin iyaye shi ne tsada, domin a wasu sansanonin kuɗin zangon wata biyu ya haura dala 10,000. Gidauniyar Foundation for Jewish Camp, wadda aka kafa a 1998, tana haɗa kai da ƙungiyoyin al'umma wajen ba da tallafi ga yaron da zai je karon farko, amma duk da haka akwai gidajen da abin ya fi ƙarfinsu. Tsaro ma ya ƙara wa kuɗin nauyi, musamman tun bayan harin da aka kai wata majami'a a Pittsburgh a 2018, inda aka kashe mutum 11.

Sai kuma muhawarar da ta fi zafi, wato yadda ake koyar da batun Isra'ila. Wasu tsofaffin 'yan sansanin, ciki har da matasan ƙungiyar IfNotNow, sun fito fili suna cewa an nuna musu tuta da waƙa da rawa, amma ba a gaya musu halin da Falasɗinawa ke ciki a ƙarƙashin mamaya ba. Shugabannin sansanoni da dama sun amsa cewa ƙaunar Isra'ila na cikin manufofin da aka kafa su a kai, kuma ba za su sauka daga kanta ba. Yaƙin Gaza da ya ɓarke a Oktoban 2023 ya ƙara tsananta wannan saɓani tsakanin iyaye da ma'aikata da matasan da ke kula da yaran.

Duk da waɗannan matsaloli, motocin na ci gaba da cika kowace shekara. A tsakiyar Agusta ake rufe zango, yara su rabu cikin kuka, su koma garuruwan da wataƙila su kaɗai ne Yahudawa a ajinsu. Wasu kan isa gida su nemi a fara kunna kyandir a daren Juma'a, ko su gyara wa mahaifinsu lafazin addu'ar abinci. Bayan 'yan shekaru kuma, daga cikinsu ne ake ɗaukar matasan da za su kwana da sababbin yara a ɗakunan katakon da suka taɓa kwana a ciki.