Daga Tungar Madaki zuwa Gidan Bawa

Ranar Lahadi 29 ga Oktoban 2006, 'yan kwanaki bayan Ƙaramar Sallah, jirgin kamfanin ADC ya ɗaga daga Abuja zai je Sakkwato, bai yi nisa ba ya rikito a gonakin Tungar Madaki. Mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi da mataimakin gwamnan Sakkwato Alhaji Garba Muhammad. Gwamnan lokacin, Attahiru Bafarawa, ɗan ƙasar Isa ne, ya wayi gari babu sarkinsa babu mataimakinsa.

Masu bincike sun ce matuƙin ya tashi ne cikin hadari, iska mai juyawa ta murɗe jirgin, shi kuma bai bi ƙa'idar kuɓuta daga irinta ba. Haka ne, amma a ɗora wa mamaci kayan duka ai son sauƙi ne. Shekara guda kafin nan jirgin Bellview ya hallaka mutum 117 a jihar Ogun, na Sosoliso ya biyo baya a Fatakwal da 108, akasarinsu 'yan makaranta. Kanawa kuwa ba su manta da wanda ya faɗa wa gidajen Gwammaja a 2002 ba. Ciwon ɗaya ne. Da Nigeria Airways ya durƙushe a 2003, filin ya koma hannun ƙananan kamfanoni masu ƙaramin jari, waɗanda ke kwaso tsofaffin jiragen da Turai da Amurka suka gama yayinsu, su tsuke kuɗin gyara da na horar da matuƙa. Hukumar da za ta tsawata musu kuma sai ta dubi fuskar minista tukuna.

Rasuwar Maccido ce ta sa aka zabura. Cikin makonni Obasanjo ya ɗauke ministan jiragen sama Babalola Borishade, ya sa hannu a dokar da ta ba hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, cin gashin kanta. A 2007 aka tilasta wa kamfanoni ƙara jari, ADC da Sosoliso suka kasa, aka rufe su. Gyaran bai hana jirgin Dana faɗuwa a Legas a 2012 ba, sai dai bayansa an shafe fiye da shekara goma ba a ga asara irin wannan ba. Kuɗin tikiti dai ya yi tashin gwauron zabo, kuma tsaurin ƙa'ida na da hannu a ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda gyaran ya amfana. Yayin da jirgi ke ƙara aminci, hanyar mota ta zama tarko, sai duk mai hali ya koma sama. Ɗan majalisa ya sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III, ya aika saƙo gida ta waya. Bagobirin Sabon Birni da zai kai gero kasuwar Shinkafi kuwa dole ya ratsa ta Isa, direba na tambayar duk motar da suka yi kiciɓis da ita: «Yaya gaba?» A Disamban 2021 'yan bindiga suka tare wata mota a Gidan Bawa da ke kan wannan layi, suka ƙone fasinjojinta da ransu, 'yan sanda suka ce mutum 23 ne. An yi Allah wadai, an tura tawagar jaje daga Abuja. Direbobin layin suka ci gaba da jiran rakiyar sojoji, ranar da ba ta samu ba kuwa wasu su ajiye mota, wasu su yi shahada su shiga.